Yadda za ka kare guminka idan aka ce sai ka yi aikin gwaji kyauta kafin a ɗauke ka aiki

A shekarar da na gama bautar ƙasa na kai takarduna wata makaranta mai zaman kanta a nan cikin Kano. Mai makarantar ya yi mini tambayoyi na kusan rabin sa'a, ya ce ya gamsu, amma tsarinsu shi ne sabon malami ya fara shiga aji a ga kamun ludayinsa kafin a zauna maganar albashi. Na amsa da "to" ban tambayi kwana nawa ba, domin a lokacin ina ganin tambayar za ta sa a ɗauke ni mai kwaɗayi. Mako biyar na yi ina koyar da lissafi a azuzuwa uku na ƙaramar sakandare. Ni na tsara tambayoyin jarrabawar ƙarshen zango, ni na duba takardun, ni na cika sakamakon yara. Ranar da aka ba da hutu aka ce in tafi za a neme ni, kuma har yau ba a neme ni ba, ko kuɗin motar da na ranta a wurin yayata ba a mayar mini ba. Sai daga baya na gane cewa malaminsu na lissafi ne ya ajiye aiki ana tsakiyar zango, abin da suke nema kuwa shi ne wanda zai kai su hutu ba tare da sun biya shi ba.

Wannan ɗabi'a ta shiga kusan kowace sana'a a garin nan. Mai zane a kwamfuta a ce ya zana tambarin kamfani da allon talla "don a ga hannunsa". Mai fassara a ba shi shafi talatin ya mayar Hausa. Mai neman aikin talla a ce ya zaga Singa da Sabon Gari ya kawo 'yan kasuwa goma tukuna. Ma'aikaciyar jinya a sa ta kwana a ƙaramin asibiti na mako biyu, mai sha'awar aikin rediyo kuma ya shekara yana karanta labarai da sunan sa kai. Matakan da ke ƙasa na tsara su ne daga abin da ya same ni da abin da na gani a wurin ƙannena da ɗalibaina. Da "ka" na yi magana, amma mata ma da su nake.

Mataki na farko: ka tantance ko jarrabawa ce ko ƙwadago ne

Mai ɗaukar aiki yana da haƙƙin ya gwada ka, domin sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma takardar shaidar digiri ba ta nuna ko mutum ya iya riƙe aji mai yara hamsin. Tela ma ba ya ɗaukar ma'aikaci sai ya ga yadda yake ɗora wuya da hannu. Saboda haka kada ka ɗauki duk wani gwaji a matsayin zalunci, don kuwa wanda ya ƙi a gwada shi gaba ɗaya kansa yake rufe wa ƙofa.

Ma'aunin da za ka riƙe shi ne ka tambayi kanka wa zai ci moriyar abin da ka yi bayan ka fita daga ƙofar. Idan aka ce ka koyar da darasi ɗaya na minti 40, shugaban makaranta yana zaune a bayan aji yana sauraro yana rubutu, wannan jarrabawa ce, kai ake dubawa. Idan kuwa aka saka sunanka a jadawalin darussa, aka bar ka kai kaɗai da yara babu mai leƙowa, to an daina duba ka, ana amfani da kai ne, kuma iyayen yaran sun riga sun biya kuɗin wannan darasin da kake bayarwa. Haka abin yake ga akanta: a ba shi lissafin da aka ƙirƙira don gwaji daban ne da a tura masa littafin cinikin kamfani na wata shida ya daidaita. Akwai wasu alamomi da ke taimakawa. Jarrabawa ta gaskiya takan zama iri ɗaya ga duk masu nema, tana da lokacin da aka yanke mata, yawanci sa'a ɗaya zuwa uku, kuma akwai wanda zai duba ya faɗa maka sakamako. Idan kowane mai nema aka ba shi wani yanki daban na babban aiki guda, ko aka ce ana buƙata kafin Juma'a domin mai aikin yana jira, to kwangilar wani ake raba muku ku yi kyauta.

Za ka ji ana cewa ai haka kowa ya fara, a kawo maka misalin yaron shago a Kantin Kwari. Misalin bai dace ba. Yaron shago yana ci a wurin maigidansa, ana ba shi na kashewa, ana koya masa ciniki da sanin kaya, iyayensa sun san inda yake, kuma kowa a layin ya san akwai ranar da ake sa ran a yaye shi a ba shi jari. Mai bautar ƙasa ma shekara ɗaya aka yanke masa, kuma gwamnatin tarayya tana biyansa alawus da yanzu ya kai naira 77,000 a wata. Duk tsarin koyo da jama'a suka yarda da shi yana da wa'adi kuma yana da abin da mai koyo ke samu. Gwajin da ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun ba ya cikin wannan sahu.

Mataki na biyu: ka binciki wurin kafin ka ba su ko sa'a ɗaya

Ka shiga shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ka rubuta sunan kamfanin a wurin bincike, za ka ga ko yana da rajista da lambarsa, kuma ba a biyan kuɗi a kan wannan. Rajista kaɗai ba ta wanke mutum, amma rashinta yana nufin idan rigima ta taso ba ka san wanda za ka kama ba. Bayan haka ka yi irin binciken da ake yi kafin aure. Ka nemi wanda ya taɓa aiki a wurin ya bari, ka zauna wurin mai shayin da ke bakin ƙofar, ka gaisa da maigadi. Tambayar da za ka yi mai sauƙi ce: mutum nawa suka zo gwaji a bana, kuma nawa suka zauna? Wurin da kullum tallarsa ta neman ma'aikata ke yawo a WhatsApp da Facebook, a kan gurbi ɗaya, zango bayan zango, ya riga ya ba ka amsa.

Abu uku kada ka yarda da su ko da wane irin daɗin baki aka zo. Kada ka biya kuɗin fom ko na horo ko na kaki domin a gwada ka. Kada ka bar asalin takardunka a hannun kowa, kwafi ya isa. Kada ka ba da lambar BVN ko bayanan katin cirar kuɗinka a matakin nema. Idan ta hannun kamfanin dillancin ma'aikata ka biyo, ka nemi ganin lasisinsa, domin Dokar Ƙwadago ta wajabta wa irin waɗannan kamfanoni samun izini daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya.

Mataki na uku: ka yi lissafin abin da gwajin zai ci maka

Yawancinmu ba mu saka wa lokacinmu farashi idan muna zaman jiran aiki, muna ganin ai dama zaune muke. Ka ɗauki biro ka yi lissafin. Mafi ƙarancin albashi a ƙasa tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, gwamnatin jihar Kano kuma ta sa nata a kan 71,000. Dokar mafi ƙarancin albashin ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, amma duk da haka ma'auni ne mai kyau. Idan ka raba 71,000 gida 22, wato kwanakin aiki na wata, kowace rana ta haura naira 3,200, mako biyu na gwaji kuwa ya haura 32,000. A ce daga Rijiyar Zaki kake zuwa Bompai, kana kashe 1,500 a kullum a adaidaita sahu zuwa da dawowa, an ƙara 15,000 ke nan, ba a yi maganar abincin rana da kuɗin data ba. Kusan naira 47,000 za ka ba mutumin da bai yi maka alkawarin komai ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye ɗan abin da mai neman aiki ya tara.

Da wannan adadi a hannunka sai ka yanke iyakarka tun kana gida. Tawa shawarar ita ce sa'o'i kaɗan, iyaka yini ɗaya, mutum zai iya bayarwa kyauta idan aikin ya cancanta. Abin da ya wuce haka a yi jinga.

Mataki na huɗu: ka yi jinga kafin ka fara, kuma ka mayar da ita rubutu

Nan ne gaɓar da yawancin mutane ke faɗuwa, kuma nan na faɗi ni ma. Kunya ce ke kama mu, musamman idan mai wurin ya haife mu, ko kuma wani babba ne ya yi mana hanya. Amma a duba yadda muke yi a sauran al'amura. Ba wanda ke kiran birkila ya fara ɗora bulo ba a yi jinga ba, ɗan dako ma a Dawanau sai an faɗi kuɗin buhu kafin ya sunkuya. Malaman fiƙihu sun sharɗanta cewa ijara, wato ɗaukar mutum aiki a kan lada, ba ta inganta sai an san ladan kuma an san wa'adin ko girman aikin. A cikin Suratul Ƙasas, lokacin da dattijon Madyana zai ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, sai da aka ambaci shekara takwas, aka ce idan ya cika goma to daga gare shi ne, kafin a fara. Ibnu Majah ya ruwaito umarnin Manzon Allah (SAW) cewa a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe, Bukhari kuma ya ruwaito hadisin ƙudusi da ke lissafa mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar alƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi lada. Wanda ya nemi a fayyace masa sharuɗɗa bai yi rashin kunya ba, abin da addini da al'ada suka tanada ya nema.

Tambayoyin da za ka yi guda huɗu ne: kwana nawa gwajin zai ɗauka, me za a ba ka a kan waɗannan kwanaki, wa zai duba aikin kuma da wane ma'auni, sannan wace rana za a faɗa maka matsaya. Ka haɗa da tambayar albashin gurbin kansa, domin babu amfanin ka yi mako guda kana gwaji a kan aikin da in an faɗa maka albashinsa ba za ka karɓa ba. Yadda za ka furta su yana da muhimmanci. Ga misali:

"Ranka ya daɗe, na gode da wannan dama, kuma a shirye nake a gwada ni. Ina so ne in san kwana nawa gwajin zai ɗauka da ranar da zan ji sakamako, don in tsara zirga-zirgata. Sannan tunda daga nesa nake zuwa, ko akwai abin da aka tanada na waɗannan kwanaki?"

Idan mace ce mai wurin, "Hajiya" ko "ranki ya daɗe" ya wadatar, sauran maganar ba ta canzawa. Ka faɗa da murya kwance, ka yi shiru ka jira amsa, kada ka cike shirun da ba da haƙuri.

Amsar da za ka samu ita ce jarrabawar da kai ma kake yi musu. Mai niyyar ɗauka ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, sau da yawa ma darajarka ƙaruwa take yi a idonsa, don ya ga mutum mai tsari. Wanda ya ce "kai dai ka fara, ba za mu cuce ka ba", ko "yaran yanzu ba ku da haƙuri", ko "akwai mutum ɗari da ke jiran wannan gurbi", romon baka yake ba ka ko kuma tsoro yake sa maka, kuma duka biyun ba sa shiga aljihu. Kafin ka juya baya, ka miƙa masa zaɓi: ka nuna ayyukan da ka yi a baya, ko ka yi gwajin sa'a biyu a gabansa, ko ka ba shi lambar wanda ka taɓa yi wa aiki, ko kuma a yi gwajin mako guda a kan rabin albashin gurbin. Idan duk ya ƙi, to da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Idan kun daidaita, kada ka bar maganar a baki. Ba lallai sai an buga takarda an sa hannu ba, da ka koma gida ka tura saƙo ta WhatsApp ko imel: "Assalamu alaikum, Yallaɓai. Don tabbatar da abin da muka tattauna yau, zan fara gwaji ranar Litinin in gama ranar Juma'a, za a ba ni naira kaza, kuma zan ji matsaya ranar Litinin ta sama. Idan na yi kuskure a gyara mini." Ko "to" kaɗai ya amsa, ka ajiye hoton saƙon. Dokar Ƙwadago ta amince da yarjejeniyar aiki ko ta baki ce ko ta rubutu, amma ta baki wahalar tabbatarwa gare ta, alhali sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar shaidar da ta fito daga waya ko kwamfuta idan an cika sharuɗɗansa.

Wanda ya yi maka hanya kuma, kawu ne ko malaminka ko abokin mahaifinka, kada ka ɗauke shi dalilin yin shiru. Ka je ka same shi ka ce, "Baba, ga yadda muka yi da su, na ce in sanar da kai." Ka samu shaida ke nan wanda mai wurin yake jin nauyinsa, kuma a Kano wannan nauyin yakan fi takarda aiki.

Mataki na biyar: ka tsare abin da hannunka ya ƙirƙira

Wannan ya shafi masu zane, masu rubutu, masu fassara, masu ɗaukar hoto, masu rubuta manhaja da masu tsara takardar neman tallafi ga ƙungiyoyi. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ce haƙƙin aiki yana farawa ne a hannun wanda ya ƙirƙire shi sai dai idan wata yarjejeniya ta ce akasin haka, kuma ba sai ka yi rajista ba kafin haƙƙin ya tabbata. Mallaka wa wani haƙƙin gaba ɗaya ba ya inganta sai a rubuce. Sai dai akwai wata ƙofa da ya kamata ka sani: izinin amfani na gama-gari, wato barin wani ya yi amfani da aikin ba tare da an keɓe masa shi kaɗai ba, ana iya fahimtarsa daga baki ko ma daga yadda mutum ya yi mu'amala. Ma'ana, idan ka miƙa aiki ka yi shiru, gobe ana iya cewa ai da yardarka aka yi amfani da shi.

Don haka duk abin da za ka tura, ka rubuta a jikinsa da kuma cikin saƙon: "Wannan samfuri ne don tantance ni kawai. Ban ba da izinin amfani da shi ba sai mun yi yarjejeniya." Mai zane ya tura ƙaramin hoto mai ɗauke da sunansa a rubuce a tsakiya, ya riƙe asalin fayil ɗin da ake iya gyarawa. Mai fassara ya yi shafi ɗaya ko biyu, ba babi ba. Mai manhaja ya nuna tana aiki a kan kwamfutarsa ba tare da ya miƙa rubutun da ke ƙarƙashinta ba. Ka riƙa turawa ta imel ko da ka tura ta WhatsApp, domin imel yana ajiye rana da lokaci a inda ba ya ɓacewa idan waya ta faɗi.

Ka kuma lura cewa doka tana kare yadda ka zuba tunani a rubuce ko a zane ne, ba ta kare tunanin kansa. Idan a wurin intabiyu aka ce ka kawo cikakken tsarin yadda za a haɓaka ciniki na shekara guda, ka bayyana yadda kake tunkarar matsala, ka ba da misali ɗaya mai ƙarfi, ka tsaya nan. Jerin sunayen 'yan kasuwar da ka sani da lambobinsu jarinka ne, ba a zube shi a teburin gwaji. Kuma kada ka sa hannu a wata takarda da ke cewa duk abin da ka yi a lokacin tantancewa ya zama mallakar kamfani, sai idan an biya ka kuɗinsa.

Mataki na shida: ka riƙa rubuta abin da kake yi, kuma ka tsaya ranar da aka yanke

Ka ware ƙaramin littafi. Kowace rana ka rubuta lokacin zuwa da na tashi, aikin da ka yi, da sunan wanda ya sa ka. Idan akwai rajistar zuwa aiki ka sa hannu, idan an saka sunanka a jadawali ka ɗauki hotonsa. Sirrin wurin kuma, kamar bayanan marasa lafiya ko na ɗalibai ko asusun kamfani, amana ce, kada ka kwashe su da sunan tara hujja, domin hakan zai mayar da kai mai laifi.

Ranar da wa'adi ya cika ka nemi ganin wanda kuka yi magana da shi. Idan ya ce a ƙara mako ɗaya saboda darakta ya yi tafiya, ka amsa cikin ladabi cewa a shirye kake ka ci gaba, amma daga yau a kan albashi. Idan bai yarda ba, ka gode masa ka ce kana jiran kiransu, kuma washegari kada ka je. Wannan yana da wuya, domin zuciya za ta riƙa raya maka cewa ka riga ka zuba kwana goma, kada ka yi asararsu saboda biyar. Da wannan tunanin ne mako ɗaya ke zama zango guda, ana ta gafara sa ba a ga ƙaho ba. Kuma duk tsawon gwajin kada ka daina kai takardunka wasu wurare.

Mataki na bakwai: idan an ci guminka, ka bi haƙƙinka daki-daki

Ka fara da wasiƙa, ba da faɗa ba. Ka rubuta kwanakin da ka yi, aikin da ka gabatar, abin da aka yi alkawari, adadin da kake nema, da wa'adin kwana bakwai ko goma sha huɗu. Ka kai kwafi biyu a sa maka hannu a ɗaya, ko ka tura ta imel. Ko da ba a ambaci kuɗi tun farko ba, kana da abin faɗa, domin fiƙihu ya san abin da ake kira ujratul misli, wato ladan da aka saba biya a kan irin wannan aiki, dokar ƙasa ma ta san biyan mutum gwargwadon aikin da aka sa shi aka kuma amfana da shi.

Idan wasiƙa ba ta yi ba, sai sulhu. Ka koma wurin wanda ya haɗa ku, ko shugabannin ƙungiyar kasuwar idan a kasuwa ne, ko mai unguwa, ko ofishin Hisbah, wadda ta saba sasanta irin waɗannan rigingimu na haƙƙi. Yawancin ƙananan kuɗaɗe a nan suke fitowa, domin mai makaranta ko mai shago ya fi tsoron sunansa ya ɓaci a unguwa fiye da kuɗin da ake bin sa.

Daga nan sai hukuma. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da ofishi a Kano, kuma jami'anta suna karɓar koke su gayyaci mai wurin aiki. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1975, tana sauraron ƙorafi a kan ma'aikatun gwamnati da kamfanoni masu rajista ba tare da an biya ta ba, jihar Kano ma tana da tata hukumar karɓar koke-koke da yaƙi da cin hanci. Idan makaranta ce, ka haɗa da hukumar da ke kula da makarantu masu zaman kansu ta jiha. Idan zanenka ko rubutunka ka gani a allon talla ko a intanet, ka ɗauki hotonsa da kwanan wata ka kai wa Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya. Matakin ƙarshe shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'o'in aiki da ƙwadago a sashe na 254C, kuma tana da reshe a Kano. Kafin ka je can ka ga lauya, ko ka nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a idan ba ka da hali, domin Dokar Ƙwadago ta fi shafar masu aikin ƙarfi da na akawu, ƙwararru da manyan ma'aikata kuwa yarjejeniyarsu ce madogararsu, kuma lauya ne zai faɗa maka ɓangaren da ka faɗa da ko kuɗin ya kai a shiga kotu dominsa.

Game da fallasa a Facebook, na san zafin da ke kai mutum ga haka, amma ina ba da shawarar a yi taka-tsantsan. Kalma ɗaya da ba za ka iya tabbatarwa ba tana iya mayar da kai wanda ake ƙara a kan ɓata suna. Ka gargaɗi abokan karatunka da 'yan ƙungiyar sana'arku da abin da ya faru kamar yadda ya faru, da kwanaki da adadi, ba tare da zagi ba.

Mataki na takwas: idan an ɗauke ka

Ka nemi takardar kama aiki, kuma ka duba kwanan watan da aka sa a matsayin ranar farawa. Ka roƙi a sa ranar da ka fara gwaji, a kuma haɗa kwanakin cikin albashin farko idan ba a biya su daban ba. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su wuce da farawa, ciki har da irin aikin, albashi da lokacin biyansa, sa'o'in aiki, hutu, da wa'adin sanarwa kafin rabuwa. Idan takardar ta ce akwai watannin gwaji, uku ko shida, ka tabbata an rubuta albashin waɗannan watanni da ranar da za su ƙare, domin wanda ke cikin irin wannan gwaji ma'aikaci ne, kuma albashinsa yana hawa kan mai wurin a ƙarshen kowane wata. Ka yi kwafin takardar, ɗaya a gida, ɗaya a imel ɗinka.